Ku Daina Zuga Wanda Ya Taɓa Jinya Ya Ajiye Aikinsa



Akwai wata huɗuba da ta cika zaurukan marubuta a 'yan shekarun nan, kuma na gaji da jin ta ba tare da an tanka ba. Huɗubar ita ce: aikin albashi bauta ne, mai basira ba ya zama ƙarƙashin wani, ka ajiye aikin ka rungumi alƙalami, Allah zai buɗa. Masu yin ta sukan haɗa da hoton kansu a cikin mota, ko hoton alat na kuɗin littafi. Da zarar wani ya ce yana jin tsoro, sai a yi masa caa, a ce ba shi da tawakkali, ko a ce bai yarda da baiwarsa ba. Idan lafiyayyen saurayi marar iyali ya bi wannan shawara ya faɗi, zai tashi ya karkaɗe rigarsa ya nemi wani aikin. Amma a cikinmu akwai waɗanda faɗuwarsu ba irin wannan ba ce, kuma ba a taɓa tuna su idan ana wannan zuga.

Ina nufin wanda aka taɓa cire wa ƙari, da wadda ta gama shan maganin ciwon daji aka ce ta warke, da mai sikila da ya kai shekara talatin yana lallaɓa jikinsa, da wanda ya yi wata shida yana shan maganin tarin fuka, da wanda ɓarin jikinsa ya taɓa shanyewa ya dawo, da mai ciwon hanta ko na ƙoda da ake bibiya a asibiti. Ba ƙalilan ba ne. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya yawan yaran da ake haifa da sikila, kuma doguwar kwanciya na cikin abubuwan da ke jefa mutum harkar karatu da rubutu tun farko. Suna nan cikin wannan zaure suna karanta mu, ba sa dai faɗa. Irin wannan mutum idan ya riƙe aikinsa gam, ko ya zaɓi aiki mai ƙaramin albashi ya bar mai babba, akwai lissafin da yake yi wanda mai zuga bai taɓa zama ya yi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ga lissafin. Dokar gyaran fansho ta 2014 ba maganar kuɗin ritaya kaɗai ta yi ba. Kowa ya san ta ce mai aiki ya zuba kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kashi 8. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne sashe na 4 ya kuma wajabta wa mai ɗaukar aiki ya yi wa kowane ma'aikacinsa inshorar rai, wadda ba za ta gaza ninki uku na jimillar albashinsa na shekara ba. Mai aikin ne ke biyan kuɗinta gaba ɗaya, ba a cire ko kwabo daga albashin ma'aikaci. Wannan tanadi ma ba sabo ba ne, yana nan tun dokar 2004. Ya shafi ma'aikatan tarayya da na Abuja, da kamfanoni masu zaman kansu da dokar ta hau kansu. Hukumar fansho ta PenCom da hukumar inshora ta NAICOM su ke sa ido a kai. Dokar ta ƙara da cewa idan mai aiki ya yi sakaci bai biya ba, ma'aikaci kuma ya rasu a wannan tsakanin, shi zai biya iyalan daga aljihunsa.

Mu ɗauki mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. A shekara naira 840,000 ke nan, ninki uku kuwa 2,520,000. Mai karɓar 150,000 a wata, iyalinsa na da haƙƙin 5,400,000 idan ya rasu yana bakin aiki, ko ciwo ne ya yi ajalinsa ko haɗari, ko a ofis ko a gida. Wannan daban yake da abin da ya taru a asusunsa na fansho, daban da inshorar lafiya da ke biyan kuɗin magani, daban kuma da diyyar NSITF wadda ta tsaya ga abin da ya samu mutum ta sanadin aikin kansa. Na san wani zai ce miliyan biyar a wannan zamani me za ta yi. To je ka tambayi matar da aka bar wa yara huɗu da kuɗin haya a kanta, ita za ta faɗa maka abin da za ta yi.

Yanzu ga inda maganar take da nauyi, kuma a nan nake so ku tsaya ku fahimta.

Kamfanin inshora yana da ƙofa biyu. Ta farko ita ce ta mutum ɗaya: ka je da ƙafarka ka ce kana son inshorar rai. Za a miƙo maka fom. A ciki za a tambaye ka ko an taɓa kwantar da kai, ko an taɓa yi maka tiyata, ko kana shan wani magani, ko iyayenka na raye, in sun rasu me ya kashe su. Idan kuɗin da kake nema na da yawa a tura ka gwajin jini da na fitsari da na zuciya. Daga nan abu huɗu ne: a karɓe ka yadda ake karɓar kowa, ko a ƙara maka kuɗin da za ka riƙa biya, ko a ce ka dawo bayan wasu shekaru, ko a ce a'a kai tsaye. Wanda ya taɓa ciwon daji ko yake da ciwon ƙoda ya san a wane layi ya fi yiwuwa a ajiye shi. Idan kuma ya ce bari ya ɓoye, ya yi wa iyalinsa mugun tarko, domin ranar da ya rasu kamfanin zai nemi bayanan asibiti, in ya gano an ɓoye masa abin da ya tambaya yana iya ƙin biya. Ya yi shekaru yana zuba kuɗi, magada su tashi a tutar babu.

Ƙofa ta biyu ita ce ta ma'aikata a dunƙule. A nan kamfanin inshora ba Audu ko Binta yake kallo ba, jerin sunaye yake kallo, da shekarun haihuwa da albashi. Ya san a cikin mutum ɗari biyu akwai lafiyayyu akwai masu lalura, ya kuma san ba don inshora suka shiga aikin ba, saboda haka ya yi lissafinsa a kan taron. Akwai wani adadin kuɗi da aka yanke, wanda duk wanda haƙƙinsa bai wuce shi ba ba a tambayarsa komai game da lafiyarsa. Manyan da albashinsu ya haura wannan iyaka su ake turawa gwaji. Sharaɗin da aka fi sawa shi ne mutum ya kasance yana zuwa aiki a ranar da inshorar ta fara, ba yana kwance ba. Ma'ana, malamar makarantar da aka yi wa aikin mama shekara uku da suka wuce tana shiga ta wannan ƙofa ba tare da an ce mata uffan ba, alhali ta ƙofar farko wataƙila ko zaure ba za ta wuce ba.

Inshorar kuma ta aikin ce, ba ta mutumin ba. Ranar da ka bar aikin, sunanka ya fita daga jerin. Lafiyayye idan ya fita zai iya zuwa ya yi tasa. Wanda ya taɓa jinya idan ya fita, mai yiwuwa ya fita ke nan. To wannan ne mutumin da ake cewa ya ajiye aiki ya dogara da sayar da littafi a WhatsApp a kan naira ɗari biyar, littafin da kafin ya kai babi na goma wata ta saya ta watsa shi kyauta a zauruka ashirin. Mun ga OkadaBooks, wadda marubuta da yawa suka ɗora wa buri, ta rufe a ƙarshen 2023. Ba ina raina kasuwar ba ne, akwai masu ci da ita, Allah ya ƙara musu. Amma kasuwar ba ta biyan marayu ninki uku na komai.

Shi ya sa nake cewa idan irin wannan ɗan uwa ya samu tayin aiki biyu, ɗaya na kwantiragi mai 220,000 ɗaya na dindindin mai 160,000, ya ɗauki na biyu, kada wanda ya kira shi matsoraci. Kalmar kwantiragin nan ma ita ce ramin da aka fi faɗawa. Ka ga matashi a kantar banki ko a ofishin wata ƙungiya sanye da katin wurin, ka ɗauka ma'aikacinsu ne, alhali wani kamfanin 'yan kwangila ne ya ɗauke shi ya ba da hayarsa. Inshorar da aka yi wa ma'aikatan wurin ba ta shafe shi ba, wanda ya ɗauke shi kuma ko ya yi masa ko bai yi ba, ba wanda ya bincika. Makarantun kuɗi, inda marubutanmu da yawa ke koyarwa, da ƙananan gidajen rediyo da asibitocin unguwa, yawancinsu ko takardar ɗaukar aiki ba sa bayarwa balle a kai ga wannan. Jihohi kuwa sai kowace ta yi tata dokar, kuma da yawa daga cikinsu ba su da wannan inshora mai aiki ga ma'aikatansu. Don haka kada ma'aikacin jiha ya karanta wannan ya ɗauka shi ma an rufa masa asiri. Ya je ya tambaya.

Tambayar ba ta buƙatar ka tona cikinka. Bayan an ba ka tayin aiki, kafin ka sa hannu, ka ce wa jami'in kula da ma'aikata: wane kamfani ne ke riƙe da inshorar ran ma'aikatanku, kuma an sabunta ta bana? Duk shekara ake sabuntawa, kuma akwai takardar shaida. Ka tambaya daga yaushe sunan sabon ma'aikaci ke shiga, daga ranar farko ko sai an tabbatar da shi. Wannan tambaya ce da duk mai iyali zai iya yi, ba ta nuna kana da ciwo. Wurin da aka ba ka amsa a take, ka san da tsari. Wurin da aka yi maka kallon mai mugun fata, aka ce "Malam, ba ka ma fara ba kana maganar mutuwa", ka samu amsarka. Idan kuma sauya aiki za ka yi, kada ka saki reshe kafin ka kama wani. Watanni biyu ko uku da mutane ke ɗauka su huta tsakanin tsohon aiki da sabo, ga mai tarihin ciwo watanni ne da iyalinsa ke zaune ba rufi.

Na san abin da ke bakin wasu tun ɗazu: inshora haramun ce, me ya kawo wannan magana zauren Musulmi. Ba zan kauce ba. Gaskiya ne Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta ce inshorar kasuwanci irin wadda aka saba ba ta halatta ba saboda gararin da ke cikinta. Amma a hukuncin nan dai ta ce madadinta shi ne inshorar taimakon juna da aka gina a kan kyauta. Ita ce takaful: mahalarta su zuba kuɗi a asusu ɗaya da niyyar taimakon wanda musiba ta samu, kamfani ya kula da asusun a biya shi ladan wakilci, a juya kuɗin a inda babu riba, abin da ya yi rara a raba ko a ajiye. NAICOM ta fitar da ƙa'idojinta tun 2013, kuma akwai kamfanoni irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful da ke yin ta har ga ma'aikata a dunƙule. Wanda ke da kishin addini da gaske, abin da ya kamata ya yi shi ne ya haɗa abokan aikinsa su nemi a mayar da tasu takaful. Abin da nake gani kuwa daban ne. Ana ɗaukar kalmar haramun a ba mai kamfani ita kyauta, ya fake da ita ya ƙi yin ko wacce, ya adana kuɗinsa, ranar da direbansa ya rasu ya aika da buhun shinkafa da naira dubu hamsin wurin zaman makoki, a yi ta sa masa albarka.

Maganar tawakkali kuma, ku tuna da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, Allah ya ƙara masa yarda. Ya kwanta ciwo mai tsanani a Makka har ya ɗebe rai, a lokacin 'ya ɗaya ce ke gadonsa, ya nemi izinin ya yi sadaka da kashi biyu bisa uku na dukiyarsa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana, ya tsayar da shi a kashi ɗaya bisa uku, ya kuma nuna masa cewa barin magada da abin hannunsu ya fi barinsu suna roƙon mutane. Ba a ce wa Sa'adu ya rasa tawakkali don ya yi tunanin bayansa ba, koya masa aka yi ya ƙara tunanin. Kuma ya warke, ya rayu shekaru da dama, ya haifi 'ya'ya da yawa, ya jagoranci yaƙin Ƙadisiyya. Mai tarihin ciwo ba gawa ba ne da ke jiran likkafani. Yana iya binne waɗanda ke tausaya masa. Amma ya taɓa leƙa bakin ramin, shi ya sa yake lissafi.

Akwai suka guda ɗaya da na yarda tana da ƙarfi. Za a ce: ashe kana so mutum ya zauna a aikin da ya tsana, ƙarƙashin shugaban da ke wulaƙanta shi, saboda kuɗin da ba zai gani da idonsa ba? Wannan ai mari ne aka sa masa a ƙafa. E, mari ne. Kuma wani lokaci aikin kansa shi ke ƙara ciwon, mai sikila da ake sa wa aikin dare a cikin sanyin na'ura ba inshorar da za ta sa in ce ya zauna. Amma ku duba wa ya ƙera marin. Ba majinyacin ba ne, tsarin da ya rufe masa ƙofar farko ne. A Amurka mutane sun daɗe suna maƙale a ayyukan da ba sa so saboda inshorar lafiya, har dokar 2010 ta zamanin Obama ta hana kamfanoni ƙin mutum saboda tsohon ciwo daga 2014. Ko a can hanin bai shafi inshorar rai ba. Faransa ta bi wata hanya: tun 2016 doka ta ba wanda ya warke daga ciwon daji damar kada ya ambaci ciwon idan zai yi inshorar bashi bayan wasu shekaru, a 2022 kuma aka rage wa'adin zuwa shekara biyar da gama magani. Mu a nan, dokar hana tsangwamar masu cutar ƙanjamau ta 2014 ta hana a sa gwajin cutar ya zama sharaɗin ɗaukar aiki, amma ana yi a ɓoye da sunan gwajin lafiya, kuma mai ciwon hanta ya san sau nawa aka daina kiransa bayan an ɗebi jininsa. Ga inda fushi ya kamata ya tafi. Mu masu alƙalami maimakon mu juya shi can, sai muka juya shi kan wanda aka ɗaure, muna ce masa ya yi tsalle.

Ga wanda ke da inshorar ma, aiki bai ƙare ba. Akwai fom da ake rubuta wanda za a ba kuɗin. Mutum ya cike shi yana saurayi ya sa sunan mahaifinsa, mahaifin ya rasu, shi ya yi aure ya haifi biyar, fom na nan yadda yake a cikin fayil. Matarsa ba ta ma san akwai wani abu ba, sai kamfani ya yi shiru, shekara ta wuce. Ka gyara fom ɗinka, ka faɗa wa iyalinka da wani amintacce ɗaya, ka kuma zauna da malami ya warware maka yadda kuɗin za su bi rabon gado, domin wanda ka rubuta sunansa a ofis ba lallai shi kaɗai shari'a ta ba ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sannan wa ya ce albashi na kashe rubutu? Abubakar Imam malamin Midil ta Katsina ne lokacin da ya rubuta Ruwan Bagaja, kuma ma'aikaci ne a Zariya lokacin da ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Abubakar Tafawa Ɓalewa malamin makaranta ne da ya rubuta Shaihu Umar. Franz Kafka, wanda duniya ke karantawa har yau, ma'aikacin hukumar inshorar haɗurran ma'aikata ne a birnin Prag daga 1908. Da rana ofis, da dare rubutu. Ya yi ta ƙorafin aikin na cinye masa lokaci, amma da tarin fuka ya kama shi a 1917, wannan ofis ne ya riƙa ba shi hutun jinya, ya kuma sallame shi da fansho a 1922, shekara biyu kafin rasuwarsa. Ban ce ya ji daɗin aikin ba. Na ce bai mutu yana bara ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mu ne muka fi kowa amfani da ciwo a rubutu. Kusan kowane littafin da ake turowa nan yana da ciwon zuciya, ko kansa, ko ƙodar da masoyi zai bayar. Ciwon yana zuwa ne daidai lokacin da ake so miji ya yi nadama, a garzaya Indiya ko Masar, wani Alhaji ya biya, a dawo a yi walima, labari ya ƙare. Ban taɓa cin karo da babin da jarumar ta koma neman aiki ba, aka miƙo mata fom mai tambayar ko an taɓa yi mata tiyata, ta riƙe biro tana tunanin gaskiya za ta rubuta ko ƙarya. Ban ga jarumin da aka yi wa tayin albashi ninki biyu a Legas ya ƙi, matarsa ta yi fushi ta ce ba shi da zuciyar nema, shi kuma ya kasa faɗa mata cewa saboda ita da yaran ne, domin faɗar na nufin ya ambaci mutuwarsa a gabanta. Wannan rikici ne na gaske, yana faruwa a gidajen Kano da Kaduna da Gusau, kuma ya fi kishiya mai asiri nauyi sau goma.

Wanda ke da ja a kan abin da na faɗa, fili na nan a ƙasa, amma ya zo da lissafinsa. Masu cewa a ajiye aiki kuma ina da buƙata ɗaya gare su: duk wanda zai sake ba wani wannan shawara a zauren nan, ya rubuta a ƙarƙashinta nawa shi zai ba iyalan mutumin idan ta Allah ta kasance.